Rasuwar Hajiya Asama'u Mai Tifa da Makomar Hanyar Kufena

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Ci Gaban Ƙofar Kuyambana da Ƙauyukan Kufena ta sami labarin rasuwar uwarta, Hajiya Asama'u Mai Tifa, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a gidanta da ke cikin birnin Zariya, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a shaida ne, lokacin da aka kankare tsohuwar kwaltar babban titi ana zubar da ita a kududdufi, marigayiya ce ta nemi izini, ta sa tifofinta suka kwaso ta, alhali masu baki, har da waɗanda furfura ta kamata ta hana, suna kiranta Hajiya mai kwasar bola. Aka farfasa ɓaraguzan, aka gauraya su da marmara, aka daɓe suka zama gindin hanyarmu, wadda a da in damina ta sauka ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Bana, a tsakiyar Agusta, motar haya ke ɗauko masu naƙuda zuwa asibiti.

Ba za mu ɓoye ba, mun zauna makoki da fargaba a zuci, domin sauran hanyar ta tsakiyar gonar marigayiya za ta ratsa, izinin da ta ba mu kuwa na baka ne. Gona in ta shiga rabon gado ba mai bakin magana sai magada, kuma da sun ƙi, ƙauyukan bayan dutse sun koma gidan jiya.

Alhamdu lillahi, a wurin addu'ar uku, babban ɗanta, Alhaji Inuwa, ya miƙe gaban limamai ya shaida cewa mahaifiyarsu ta yi waƙafin yankin da hanyar za ta bi tun tana kan ƙafarta, kuma shi da ƙannensa ba mai ja. Wallahi sai a lokacin muka sami numfashi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya sa wannan hanya cikin mizaninta, Ya ba Alhaji Inuwa da ɗaukacin iyali haƙuri da juriya. Iyalan sun ce duk mai niyyar kawo gaisuwa ranar Asabar ya same su a gonar, ya zo da gudumarsa ta farfasa ɓaraguzai, a ci gaba da aikin hanya.

Malam Garba Mika'ilu Kuyambana
Sakataren Watsa Labarai
Satumba, 1992