Tauraruwar da Na Rubuta a Allo

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, malamar lissafin da ta rikita mini lissafi!

Ina gaisuwa, in har gaisuwata tana da sauran wuri a kunnenki. Tun ranar da abin nan ya faru, ta ƙofar da ke nesa da teburina kike shiga ofishin malamai, sallamata ma da ƙyar kike amsawa. Yau kuma shugabar makaranta ta tsare ni a baranda ta ce, "Malam, me ka yi wa baiwar Allahn nan har take neman canjin makaranta?"

Kin ji labarin a bakin kowa, yanzu ki ji shi a bakina. Kin san al'adata: in zan koya wa 'yan aji biyar sassan labari, nakan ƙirƙiro ɗan labari a allo mu warware shi tare. Ga tauraro, ga wuri da lokaci, ga rikici, ga ƙololuwa, ga jigo. Ranar nan na ɗauki alli, amma babu kowa a kaina sai ke. Na ce musu tauraro ba ya rai sai an ba shi wata ɗabi'a tasa shi kaɗai. Sai na rubuta: wata mace mai tura tabarau da bayan hannu, don yatsunta duk alli ne. Ban ajiye allin ba ajin ya kaure da shewa! Da na tsaya nan, da sauƙi. Amma malami in ya ga ajin da ke gyangyaɗi ya farka, ba ya jin birki. Na ba su wuri: ɗakin karatu, ranar da ruwan sama ya tsare mu, iska na buga taga, muryarki ƙasa-ƙasa kamar kukan kurciya. Na ba su rikici: tauraruwa ta ce mai neman aurenta ya jira ta sai ƙanwar da take riƙo ta gama makaranta, kuma kada kowa ya ji. Na manta ƙanwar taki tana layin baya, kanta a sunkuye.

Kaicona! Wace irin ƙauna ce ke mayar da amana misalin darasi? Yarinyar da kika ɓoye wa wannan magana don kada ta ɗauki kanta kaya a wuyanki, a bakina ta ji, gaban ƙawayenta.

Jiya da muka zo kan mai ba da labari, ƙanwarki ta ɗaga hannu. "Malam, ka ce shi yake zaɓen abin da za a ji. To ita tauraruwar, an tambaye ta?"

Ya ke fitilar zuciyata, kada ki tafi! Ina zan sa kaina in babu ƙarar takalminki a barandar nan? In dole sai wani ya bar makarantar, ni ne. Ke ɗalibanki na buƙatarki, ƙanwarki kuma jarrabawa na gabanta. Jiran da kika nema zan yi shi, ko ya ninka, bakina a rufe.

Darasin da ya rage mana shi ne ƙarshen labari. Yara suna ta roƙo in ƙarasa musu. Na goge allon tas, na ce mu ɗauko wani labarin. Takardarki ta neman canji tana teburin shugaba, ba ta sa hannu ba tukuna. Na faɗi farko ban tambaye ki ba, na faɗi tsakiya ban tambaye ki ba. Yau ina tambaya: yaya zai ƙare?

Naki, ko kin zauna ko kin tafi, har numfashina na ƙarshe,
Malamin adabin da ya kasa riƙe bakinsa.