Kujerar da Baba Ya Tura Baya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Bungudu sai godiya.

Ka tambayi labarin motar da ke jan injin casarmu, tunda ba ka nan aka saye ta. Sau uku muka je Gusau da Baba. Dillalai suna ta yabon fenti, shi kuwa sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi kamar mai duba kofato. Ya ce musu, "Ni ba na sayen bijimi a kwance." Da ya ga wata tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, sai da aka ɗaura mata injin, ta hau tudun Kwatarkwashi ba ta yi haki ba. Sannan ya shiga gaba, ya tura kujerar baya saboda gwiwarsa, ya ce, "To, wannan za ta kai ni gona."

Yaya, ko sau ɗaya ba ta kai shi ba. Ita ta ɗauko mana shi daga asibiti, a baya, cikin tabarma.

Jiya zan kai injin Furfuri, Inna ta ce in sauke ta a hanya. Na miƙa hannu zan gyara mata kujerar, sai ta riƙe ni. "Bar ta yadda ya bar ta."

Ka sa shi a addu'a, mu ma kada ka manta da mu. Inna tana gaishe ku. Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Bello