Abin da Aka Ba Aziza

Matamaye, tsakiyar damina

Zuwa ga Yaya Jalaluddeen, a Tamanrasat.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin can, ya kuma haƙurinmu? Allah ya jiƙan Aziza, ya sa mai ceto ce.

Yaya, tun ranar da na kira ka daga asibitin Damagaram na ce maka ta cika, ba ka ƙara ɗaukar wayata ba. Iya kana amsa mata, matarka Zuhra ma haka. Da farko na ce zafin rashi ne, uba ya rasa 'yarsa yana ƙasar wasu, ko likkafaninta bai gani ba. To, abin ya yi tsawo. Shi ya sa na rubuto, zan ba Sallau direba ya kai maka hannu da hannu.

An rufe ta a Kurni, kusa da Baba. Mutane sun zo gaisuwa har daga Dawce. Zuhra tana ƙoƙari, sai dai ba ta cika magana ba. Ɗanka Marwan ya fara rarrafe, kullum sai ya nufi bayan rumbu inda yayarsa take wasa. Ni kuma ina buɗe farmasi, shagona na magani, kamar kullum, amma duk uwar da ta shigo da 'yar shekara uku a baya sai na kasa haɗa ido da ita.

In na yi maka laifi, ka faɗa mini. Na fi son faɗanka da shirunka.

Ƙanwarka,
Najaha

Tamanrasat

Najaha,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, lafiya lau nake.

Kin ce in faɗa, to ga shi. Iya ta ba ni labari. Ta ce ranar kasuwa ta taso tun daga Kurni, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta zo shagonki ta ce miki Aziza na masassara tana amai, ki ba ta magani mai ƙarfi. Kika hana. Kika ce sai an kawo yarinya an ɗora a sikeli, sai an kai ta likita an gwada jini, sai an zo da takarda. Kika miƙa mata 'yar kwalba ɗaya kamar mai ba da sadaka, ga mutane suna kallo.

Shago cike da magani tun daga ƙasa har rufi, 'yar ɗan uwanki na kwance, ke kina maganar takarda. In baƙo ne ya yi haka sai in ce bai san mu ba. Ke kika raɗa wa yarinyar nan suna, Najaha.

Ba zan yi miki baki ba, mutuwa ta Allah ce. Amma Marwan ba zai jira takardar kowa ba. Na sayi kwali guda na magani a nan, na masassara da na tari da na gudawa, har da allurai. Sallau zai kai wa Iya a zuwansa na gaba, ta ajiye a ɗakinta. Iyalina ba za su ƙara roƙon kowa ba.

Ki gaida maigidanki.

Jalaluddeen

Matamaye

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ko da ba ka so.

Na yi niyyar in tafi kabari da wannan magana. Kwalin da ka ce za ka aiko shi ya sa dole in buɗe baki, don Marwan yana raye.

Gaskiya ne Iya ta zo, kuma gaskiya ne na hana ta abin da ta nema. Ta zo ba tare da yarinyar ba. Na ce, "Iya, maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Abin da zai warkar da ke zai iya kashe ta." Na ba ta siro, maganin ruwa na sauke zafin jiki, na ja layi a jikin murfin inda za a tsaya, na roƙe ta a kai Aziza likitar Kurni a ranar a duba ko masassarar sauro ce. Ta ce, "Wato ni da na haife ku na raine ku, ban san ciwon yaro ba?" Ta ɗauki kwalbar ta fita.

Daga wurina ta shiga kasuwa, wurin masu baza magani a tire cikin rana. Aka sayar mata da fararen ƙwayoyi na manya, da wani gari a leda wai na mura. Suna daban, launi daban, amma Yaya, duka ukun abu ɗaya ne a ciki, da nawa da nasu. Aka riƙa ba ta wannan, in an jima a ba ta wancan, kwana da kwanaki. Likita kuwa ba a je ba, don jiki ya yi sanyi. Na kira Zuhra ta ce mini, "Alhamdu lillahi, da sauƙi, barci ma take ta yi." Na yi murna kamar kowa.

Sai da aka kira ni wai idonta ya yi rawaya na hau babur na tafi. Na ce a kawo mini duk abin da ta sha. Zuhra ta kwance bakin zane ta zube su a tabarma. Da na karanta bayan ledojin, nan take na nemo mota zuwa asibitin Damagaram.

A mota a cinyata take. Wajen fita Matamaye ta buɗe ido ta ce, "Gwaggo, ruwa." Ita ce maganarta ta ƙarshe. Likitan Damagaram ya ce hanta ta riga ta lalace, magani ya fi ƙarfinta.

Iya ba ta sani ba, ta ɗauka ciwon shawara ne. Zuhra ta sani, ni na zaunar da ita na nuna mata saboda gaba. Iya kuwa da hannunta ta jiƙa ƙwayoyin nan a cokali, tana lallashi, tana cewa sha ki warke, uwata. Ta yaya zan gaya mata? Na gwammace a ce ni ce mai rowa.

Don Allah kar kwalin nan ya shiga gidan Kurni. Ka ci gaba da fushi da ni in kana so, zan iya ɗauka.

Taka,
Najaha

Tamanrasat

Ƙanwata Najaha,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara, ya haƙuri da yayanki?

Na karanta a wurin aiki, a kan bulo. Maigidana na wurin aiki ya same ni zaune ya tambaya ko ba ni da lafiya. Na kira Zuhra, ban gama tambaya ba ta fashe da kuka. Ta ce duk gaskiya ne. Ta ce satin jiya ma Marwan ya yi tari ta goyo shi har Matamaye, kika ɗora shi a sikeli, kika sa ta auna siro a gabanki har sai da ta iya.

Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Ni ma haka nake yi a nan, in kaina ya yi ciwo in sayi ƙwaya a bakin hanya in haɗiye. Da ina gida, da ni zan je kasuwar nan da ƙafata.

Na ce wa Sallau ya sauke kwalin a shagonki. Ki duba, abin da ba shi da kyau ki ƙone.

Abu ɗaya nake roƙo. Kar Iya ta ji. Ta tsufa, kuma Aziza sunan mahaifiyarta ta ci. In Allah ya yarda ina tafe bayan girbi.

Ki yafe mini.

Yayanki,
Jalaluddeen

Matamaye

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na yafe, ni ma ka yafe mini. Allah ya kawo ka lafiya.

Ban faɗa wa Iya ba. Amma jiya ta zo shago ita kaɗai, ba ranar kasuwa ba. Ta zauna a benci ta jira har mutane suka watse. Ta ce ta lura Zuhra ba ta bari ta ba Marwan ko ruwan jiƙo sai ta ce bari a tambayi Najaha. Ta riƙa murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Najaha, ƙwayoyin nan da na sayo. Su ne ko?"

Na ce, "Iya, kwana ne ya ƙare."

Ta dube ni ta ce, "Ba shi na tambaye ki ba."

Na fito daga bayan kanta na zauna kusa da ita, na riƙe hannunta. Nan ta gane. Haka muka zauna har aka kira la'asar.

Tana gidana yanzu, ta ƙi cin abinci. In da hali kar ka jira girbi.

Ƙanwarka,
Najaha