Rodi a Cikin Bututu

Guangzhou,
6 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Mu nan lafiya lau, sai dai laimar garin, ko wanki ba ya bushewa.

Yaya, an zaɓe ni cikin masu baje kolin kimiyya a makarantarmu ta Tianhe. Ina haɗa wata irin taransfoma da ba a sa mata ƙarfe a ciki, iska ce kawai. Na naɗa siririyar wayar tagulla zagaye ɗari tara a jikin bututun roba, babu wanda ya hau wani. Mako uku na yi, yatsuna duk sun yi kanta. Na shafe ta da man katako sau huɗu saboda laima. Jiya na kunna, ta yi tartsatsi kamar tsawon yatsa, dogon ƙwan lantarkin da ke hannuna ya kama ba tare da waya ba.

Baba ya ce in aka yaba aikin, zai bar ni in karanta injiniya. Kawu Ilu, da ya zo sarin kaya, ya yi dariya, wai shekara ashirin yana naɗin kwayil a Kano bai taɓa ganin taransfoma fanko ba. Na yi masa bayani a hankali, ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa ba.

Ƙanwarki,
Najiba.

Guangzhou,
19 ga Afrilu, 1998.

Yaya Rekiya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Yaya ƙafarta?

Ranar Laraba na dawo na tarar da ɗakin yana ƙauri. Bututun ya ƙone, baƙin layi tun daga sama har ƙasa. Kawu ya gaya wa Baba ni na bar abin a kunne, na kusa ƙona gidan haya, kuma wannan ba aikin 'ya mace ba ne. Baba bai ko tambaye ni ba. Ya ce zancen injiniya ya mutu.

Da ina shara na ga guntun rodi a bayan akwatin Kawu, bakinsa ya yi baƙi. Ashe Kawu zura shi ya yi a cikin bututun don wai ya ƙara ƙarfi, wutar ta huda robar ta bi ƙarfen. Ba ƙonewar ce ta fi yi mini zafi ba, Yaya. Kawu ne ya fara koya mini riƙe wayar wuta ina 'yar shekara bakwai. Yana gaya wa Baba wannan magana ina tsaye, bai dube ni ba.

Na kasa cewa ƙanen Baba ya yi ƙarya. Amma yau da safe na goge rodin, bakin da ya ƙone kawai na bari, na ajiye a tire kusa da shayin Kawu, a gaban Baba. Kawu bai sha shayin ba. Baba ya ɗauki rodin ya daɗe yana juya shi, sannan ya tambaye ni waya nawa zagaye ɗari tara ke ci.

Saura kwana goma sha ɗaya a yi baje kolin. A makaranta zan naɗa sabon.

Taki,
Najiba.