Kifayen Inna

Laraba, bayan isha'i, Faskari

Kifi huɗu sun mutu yau, saura biyu. Don Inna na haɗa akwatin gilashin nan, saboda tun da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na Sabuwa ba ta da abin kallo sai bango. Mai kifin ya gargaɗe ni in ɗauraye tsakuwar da ruwa zalla, ni kuwa na wanke ta da sabulu don ta yi haske.

Da safe na iske Inna ta tsura musu ido. Ta ce, "Sani, ko ni ce na cika musu abinci?"

Na ce, "Wataƙila, Inna."

Ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Allah Ya yafe mani. Gobe bayan sallar asuba zan durƙusa in gaya mata gaskiya.