Shafin da Na Ƙi Rufewa

Zuwa ga Kailu, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan fari da ke sauka kan yashin Dallol har ƙasa ta tashi da ƙamshi, likitan na'urori, mai tabarau masu zamewa kan hanci!

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe tana haɗiye magana. Yaya Yamai da zafinta? Ni ce Habsa, ta biro, wato ofishin ƙungiyar rijiyoyi a Filinge, ko da yake na san ka gane hannuna tun kafin ka buɗe, tunda kai ne ka ce rubutuna kamar sawun zabbi yake bayan ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, sai ka bi shi a hankali, yadda kake bin ƙananan rubutun nan na cikin ordinater, wato kwamfuta, har kana motsa leɓe.

Ya kai farin watan da ke leƙowa ta bayan dutsen garinmu, ka tuna abin da ya kawo ka? Ba ni ce na kawo ka ba, shafin nan ne na intanet: taswirar ƙasar Kurfai mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo famfon ƙauye guda, kore in yana aiki, ja in ya tsaya. Shafin da ke sabunta kansa bini-bini ba tare da an taɓa shi ba. A wurina kaɗai yake ciwo. Da farko ya yi sauri kamar ɗan akuya, bayan 'yan kwanaki ya soma jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodin gero, daga nan ya sandare. Ya sandare mini wata rana yana nuna kore, alhali famfon wani ƙauye na wajen Bonkuku ya mutu tun tuni. Mata suka koma tsohuwar rijiya da igiya da guga, ni ina zaune ina kallon kore ina gode wa Allah, sai da maigari ya kira ni a waya yana faɗa. Na yi kuka ranar, Kailu. Sai ƙungiya ta aiko da kai.

Ka zo da jaka a baya kana ta mamaki. Ka ce biro-biro nawa ke aiki da shafin nan, babu wanda ya taɓa kawo ƙara sai mu. Ashe tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, wutar lantarki ta zama baƙuwar da ba ta zama, ko'ina na'ura tana mutuwa sau da yawa a yini, kowace mutuwa kuma tana wanke mata ciki, ciwon bai samun lokacin girma. Tawa ce kaɗai ba ta taɓa hutawa ba. Wuta na ɗaukewa zan rungume ta kamar jinjira in ruga da ita wurin batirin sola. Ka tambaye ni dalili, sai idonka ya kai kusurwar shafin, inda aka rubuta gaisuwa da sunan da ba nawa ba: Bonjour Mamman. Sunan baban 'yata Hawa, mijina, wanda bakina bai taɓa kira ba yana raye, ga shi yau alƙalami ya kira mini shi.

Shi ne mai kujerar kafin ni. Safiyar da ya hau babur zai tafi gyaran famfo wajen Sanam, ya ce mini kada in rufe shafin, yana dawowa. Bai dawo ba sai a bayan mota, a lulluɓe. Na yi takaba, na fito, aka ba ni kujerarsa, na tarar abokan aikinsa sun bar na'urar a kunne kan batirin sola, ba su taɓa ta ba. Ni kuwa na riƙe maganarsa. A zatona in ta mutu sunan zai tafi da ita. Ko shafin ya suma, sai in danna 'yar kibiyar nan mai lanƙwasa ya farfaɗo, ba na ɗauke ido har sai na ga gaisuwar ta dawo.

Ba ka yi mini dariya ba. Wallahi tun daga nan ka shiga inda ba a shiga da takalmi!

Ka jawo kujera, ka buɗe wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin nabigater, manhajar da muke kallon shafin da ita, ka nuna mini wani zare da ke auna nauyin abin da shafin ke riƙe a memuwar, wato rumbun aikin na'ura. Ka ce zaren lafiya hawa yake yana sauka kamar haƙoran zarto, don akwai mai shara a ciki da ke kwashe abin da aka gama da shi. Namu kuwa hawa kawai yake, kamar mai hawan dutse da ya manta hanyar gida. Ka kira mai sharar, ka ɗauki hoton rumbun. Ka jira shafin ya sabunta kansa ya ƙara sabuntawa, ka sake kiran mai shara, ka sake ɗauka, ka gwama hotunan kana neman abin da ke ƙaruwa ba ya raguwa. Har wata sabuwar taga ka buɗe, wadda babu tarkacen kowa a ciki, don ka tabbata laifin na shafin ne, ba na wani abin da aka liƙa wa nabigater ba. Sai ga su: tsofaffin taswirori jibge. Duk sanda shafin ya zana sabuwa, sai ya kawar da tsohuwar daga ido, amma ya bar ta ɗaure da wata igiya, ɗan umarnin da ke jiran a danna ɗigo. Mai shara kuwa ba ya taɓa abin da ke ɗaure. Maganin, ka ce, a kwance igiyar kafin a zana sabuwa.

To, malam likita, yanzu mu zo kan taka. Ka ce irin wannan ciwon sai da haƙuri, dole ka zauna ka ga zaren ya hau da idonka. Ka zauna! Ka shanye mini fura, ka koya wa Hawa zana raƙumi, kana zuwa da sassafe kana gaishe ni da fofo kamar Bazabarme, kana kallon zare da ido ɗaya, ɗayan idon kuma Allah kaɗai ya san inda yake kiwo. Sai ranar da shugabanka ya matsa maka a waya, na ga ka canja wata lamba, shafin ya shiga sabunta kansa kamar ƙiftawar ido, kafin shayi ya tafasa zaren ya hau hawan da yake yi a mako. Me ya hana ka yin haka tun ranar da ka sauka? Ka zaci ban gani ba? Karatuna ne bai yi nisa ba, ya goribar fadamata, idona ƙalau yake!

Da za ka tafi ka ce an ɗora gyararren shafi, amma ba zai iso ni ba sai na fita daga tsohon, na shiga da sunana da kalmar sirrin da ka sa na zaɓa da kaina. Hannunka na kusa da madannin, ka janye shi. Ka ce: "Ba ni zan rufe ba, Habsa. Ranar da kika shirya, ki rufe da hannunki."

Ka tafi, biron ya yi mini faɗi. Kujerar da ka zauna tana nan a karkace yadda ka bar ta, na hana a gyara. Wace irin mace ce ni, da ba a bar mata abu ta bari ya motsa? Shafin ya ci gaba da jan ƙafa, ni kuma kullum ina tsoron kada wani ƙauyen ya sake wuni da ƙishirwa ina kallon kore. Sai na tafi wurin Inna Hadiza, mahaifiyar marigayi, na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce ɗanta ba ya cikin wannan akwatin, yana inda addu'a ke isa, kuma shi da ya rasu a hanyar kai wa mutane ruwa ba zai so a hana su ruwa saboda sunansa ba. Na miƙe zan fita, ta ƙara da cewa in gaya wa mai tabarau ya daina kewaye gidan mutane da hujjar zare, ya zo ya gaishe su kamar ɗan mutunci.

Amma ka ji ni da kyau, masoyi. Ni ba na'ura ba ce, kada ka taho mini da mai shararka. Baban Hawa yana nan a zuciyata, ba igiyar da zan kwance, kuma bai hana ta tafiya ba. Na duba da kyau, na ga akwai wuri, wuri mai faɗi da inuwa, daidai mutum mai jaka a baya. In ka yarda da haka, ka biyo motar ranar kasuwar Baleyara, ka fara sauka gidan Inna, daga nan ta raka ka wurin kawuna. Kada ka ce sai ka ɗauki hoto ka gwama!

Jiya da hantsi na karanta wa baban Hawa Fatiha, na rufe shafin. Na yi kuka iya kukana, na share ido na shiga da kalmata. Taswirar ta buɗe da sauri, zaren yana hawa yana sauka, ɗigon Kurfai duk kore. A kusurwa kuma an rubuta: Bonjour Habsa.

Ka san ni yanzu, abin da aka ba ni amana ba na sakinsa da sauƙi. Kai ma ka shiga hannun nan, kuma babu fita.

Taka, muddin akwai ruwa a ƙarƙashin yashin Dallol,
Habsa