Sunayen da Baba Ya Ƙi Rubutawa

Leeds, Ingila

Zuwa ga Yayana Everton,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Anti Winsome da yara kuna lafiya, sanyin Toronto bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan kalau muke. 'Yata Cherise ta samu aikin jinya, Baba kuma yana cin shinkafa da wakensa har da neman ƙari, sai dai mantuwar nan kullum gaba take yi.

Maganar hotunansa ce ta sa na rubuto. Ka san akwatunan nan goma sha ɗaya da ke ƙarƙashin gadonsa, hotunan da ya ɗauka cikin shekara talatin a unguwarmu ta Chapeltown: aure, jana'iza, mata masu tasowa daga aikin asibiti, zanga-zangar matasa. Wani gidan adana tarihi ya yarda zai karɓa, amma matar da ta zo ta ce suna son sunayen mutanen. Na juya kowane hoto, babu suna ko ɗaya. Ka tuna dalili. A wancan zamanin Baba yana tsoron 'yan sanda su ƙwace hotunan su bi mutane gida-gida, shi ya sa yake cewa kansa ne littafinsa, ba mai iya ƙwace masa. Yau ga shi littafin yana gogewa muna kallo.

Ranar Lahadi na kai wasu coci. Tsohuwa Icilda ta gane mutum shida, sannan ta wanke ni tas, wai ina muke tun masu saninsu suna da rai. Gaskiyarta, da-na-sani ƙeya ce.

Jiya da hantsi na nuna masa hoton wata budurwa riƙe da kwali a cikin zanga-zanga. Mamanmu ce, Yaya. Ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa, na san ya gane ta. Na tambaye shi wace ce, don kawai in ji sunanta a bakinsa. Sai ya kife hoton a ƙirjinsa, ya dube ni sama da ƙasa kamar bai taɓa ganina ba, ya ce in koma in gaya wa wanda ya aiko ni, shi bai taɓa ba da sunan kowa ba, kuma ba yau zai fara ba.

Na rasa yadda zan yi. Ka girme ni da shekara tara, in za ka iya zuwa ka zo, ko ka gane wasu fuskokin. Wataƙila kai ya yarda da kai.

Ka gaishe mini da Anti Winsome, da Kadeem, da ƙaramar Noreen.

Ƙanwarka,
Paulette